Auduga a Cikin Robar Magani

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau aka rufe ɗakin baya. Ni da hannuna na cire allon ƙofar, na jingine shi bayan tankin ruwa. Shekara shida ina faɗa a kan ɗakin nan, har a wurin taro an san ni da shi. Duk macen da ta bi ta lungun nan ranar Alhamis, kafin ta koma gida unguwa ta gama sanin abin da ya kai ta: ko cuta mai karya garkuwar jiki, ko shaye-shaye, ko duka biyun. Hatta mai gadin bakin ƙofa ya san su ɗaya bayan ɗaya. Daga yau layi ɗaya ne, benci ɗaya, kati kala ɗaya. Mai ciki, mai hawan jini, mai goyo da zazzaɓi, da matan ɗakin baya, kowa ta ɗauki lamba ta zauna. Wadda ta shigo wurina, ni da ita kaɗai muka san abin da muka tattauna.

Mai Kitso ce ta fara shigowa. Shekara huɗu tana karɓar magani a hannuna, kullum a ɗarare, mayafi har hanci. Yau kuwa ta baje a tsakiyar masu awon ciki tana ba su labari, har da shewa. Ta ce mini ita ma yau ta zama mara lafiya irin ta kowa. Na ce to Allah ya ba ki lafiya irin ta kowa, ki rage mana surutu. Na cusa mata auduga a robar maganinta kamar yadda na saba, don kada ƙwayoyin su riƙa kacau-kacau a jaka mutane su ji. Ninki uku, a murɗe kan. Dabarata ce, ba a koyar da ita a makaranta. Har robar maganin hawan jinin Inna haka nake yi mata, hannu ya riga ya saba.

Na dawo gida ina ta zuba. Inna ta ce Malamar Asibiti, a bar mu mu ci abinci mana. Auta, ƙanwata, tana kan keken ɗinkinta. Shekara goma sha ɗaya na ba ta, a bayana ta girma, amma tun da aurenta ya mutu jaririnta ya rasu ta dawo gida, sai ka yi wuni ba ka ji muryarta ba. Tana tari har yanzu. Na ce mata ta daina kwana a gaban fanka.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Kwali uku daga babban asibiti. Su ma sun rufe nasu sashen, sun raba fayil-fayil ɗin matan bisa adireshi, kowace an tura ta ƙaramin asibitin da ya fi kusa da gidanta. Mai Tabarau, abokiyar aikina, ta ɗauki kwali ɗaya, ta turo mini biyu, wai tunda ni ce uwar tsarin sai in sha daɗinsa. Rubutun likitocin can kuwa sai a hankali. Gobe zan ƙarasa.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe sha biyu da rabi

Na kulle ƙofa. Na ce musu kaina ke ciwo.

Kwali na biyu, can kusa da ƙasa, fayil ɗin Auta. Ta canza sunan uba, amma ba ta canza adireshi ba. Gidanmu ne. Lambar wayar kuwa ko a mafarki zan karanta ta, ni na saya mata layin.

Shekara uku da wata takwas da buɗe shi. Na yi lissafi, wata biyu ke nan bayan rasuwar jaririn. A shafi na biyu an rubuta maganin tari, kwalba biyu a rana, wani lokacin uku. Akwai tambayoyin nan guda biyu da ni ma nake yi wa mata kullum ba tare da na ɗaga kai ba. Wa ya sani a gida? An rubuta: Babu kowa. Wa kike so ya sani? An rubuta: Yayata, amma ba yanzu ba.

Rabonta da karɓar maganin cutar garkuwar jiki wata bakwai, kuma na wata uku aka ba ta.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Ta yi mini sannu da zuwa, na amsa.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Wata bakwai. Tun jiya nake juya shi. Wata bakwai da suka wuce ne aka sa hannu a kan sabon tsarin, na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. A tsakar gidan nan na tsaya ina cika baki, za a kawo mana su duka, kowace mace asibitin unguwarsu, ni zan riƙe su da hannuna. Tana zaune tana sa zare a allura. Na tuna ta tambaye ni ko dole ne. Na ce dole ne mana, don amfaninsu ne, su ba su sani ba.

Ni ce na rufe mata ƙofar da take bi. Mota biyu take shiga zuwa can don kada ta haɗu da ni, sai ga ni na je na tarkato fayil ɗinta na ajiye a kan teburina.

Kuma bakin nan nawa. Sau nawa na dawo a gajiye na ce wallahi masu shan sirof ɗin nan wata sai ka ji kamar ka mare ta? Sau nawa na ce mace da hankalinta ta kashe kanta da hannunta? A asibiti ina lallashi, a gida ina sauke gajiya, ita kuma tana nan tana ji. Kaicona.

Tana tari. Ina jin ta daga nan.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ƙa'idarmu ita ce duk wadda ta wuce ranarta a kira ta a waya. In an kira sau biyu ba ta ɗauka ba, Mai Tabarau ta cire kayan aiki ta sa na gida ta je gidan kamar baƙuwa. Yau ta ce in ba ta sunayen waɗanda suka yi jinkiri a kwalayena. Na ba ta tara. Goma ne.

Fayil na goman yana cikin durowata ta ƙasa, ƙarƙashin kwalin safar hannu. Ta yaya zan bari Mai Tabarau ta yi sallama a gidanmu, Inna ta shimfiɗa mata tabarma tana murna abokiyar 'yarta ta zo? Ni zan yi abin da kaina. Wa ya fi ni iyawa? Mata ɗari da wani abu na dawo da su kan magani da bakin nan.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na kai wa Auta rigar aikina wai ta rage mini. Ba abin da rigar ta yi. Ta ɗauko tef tana auna ni, ni kuma ina kallon wuyan hannunta. Awarwaron da na ba ta bara yana zamewa har kusan gwiwar hannu. Idonta ya yi nauyi, maganarta a sanyaye, ga ƙamshin alawar na'a-na'a a bakinta. Shekara nawa ina jin ƙamshin nan ina cewa Auta da son alawa kamar yarinya. A asibiti da mace ta shigo da shi na san abin da take rufewa.

Na shirya maganar tun a hanya. Na ma san ta inda zan fara, yadda nake fara wa kowa. Da ta tsuguna tana auna tsawon rigar, na ga tsakiyar kanta, inda nake yi mata kitso tana kuka tana cewa na cika ja, sai maganar ta maƙale. Abin da ya fito kawai shi ne tarin nan ya yi yawa, ta biyo ni asibiti gobe a duba.

Ta yi dariya, ta ce ai ni likitar mutane ce, su 'yan gida sai ruwan zafi da faɗa. Na ce da gaske nake.

Ta ce, “Ba yanzu ba, Yaya. Ɗinki ya yi mini yawa.”

Na ce to. Ni da ake cewa ba a kayar da ni a magana, to kawai na ce.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Auta ta fita sayen zare, na zazzage buhun ƙyallayen da ke bayan kekenta. Kwalba goma sha ɗaya, duk a wanke, kowace a naɗe cikin ƙyalle. Na mayar da su yadda na same su.

Yau mata uku na yi wa tambayar nan ta wa ya sani a gida. Na ɗaga kai duk sau ukun. Ta ukun ta tsorata, ta ce Sista lafiya kike kallona haka?

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na yi. Tun ranar Juma'a na karɓo maganin Auta a tagar magani, na sa hannu a matsayin mai karɓa a madadin mara lafiya. Roba ɗaya, ƙwaya talatin. Na san ba haka ake yi ba. Na san wadda ta daɗe da daina sha, ga tari, sai an duba ƙirjinta an ɗauki jininta tukuna. Ni nake koya wa sababbin ma'aikata wannan. Amma kullum na ji tarin nan sai in ji kamar ana ƙirga mini kwanaki.

Da ta shiga wanka na saka mata a jakar hannunta, can ƙasa, na ɓare takardar jikin robar. Na ce a raina za ta ɗauka wata ce daga can babban asibitin ta aiko mata, ko wata ƙawa da ta sani. Ta sha maganin, ta ji ƙarfi, in ya so maganar ta biyo baya a hankali. Ba sai na ci mata fuska ba.

Yau na ci abinci sosai, rabona da haka tun ranar kwalin.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe shida da rabi na safe

Auta ba ta nan. Shimfiɗarta a gyare, jakar ba ta nan, mayafinta mai ruwan toka ba ya nan.

A kan keken ɗinkin ga robar maganin hawan jinin Inna a buɗe, an zaro audugar an ajiye a gefe. Ninki uku, a murɗe kan.

Wallahi ban san na saka ba. Na tsaya ina ta tunani, sai na tuna ina tsaye a tagar magani ina hira, hannuna yana yi shi kaɗai. Na ɓare takarda, na yi duk wata dabara, na bar mata sa hannuna a ciki. Ta buɗe, ta gani, ta je ta ɗauko ta Inna ta gwada.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Wayarta a kashe.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na ce wa Inna wata mai ba ta ɗinki ce ta ɗauke ta aikin gaggawa, za ta yi kwanaki. Inna ta dube ni ta dube ni, ta ce mai ɗinki ce take tafiya ta bar almakashinta? Sannan ta ce in zauna.

Ashe ta san da kwalaben. Shekara biyu ke nan. Ita ce take kwashe su duk ƙarshen mako ta kai bola can nesa, don kada maƙwabta su gani. Ta ce ba ta faɗa mini ba ne saboda ta san halina, zan tayar da gidan, kuma tana gudun a ce ƙanwar Malamar Asibiti ce. Ta ce tun rasuwar jaririn Auta ba ta iya barci sai da shi. Maganar cutar kuwa ba ta sani ba. Ta tambaye ni ko akwai wani abu bayan wannan, na ce babu.

Mu uku a gida ɗaya, tukunya ɗaya, kowa na lallaɓa kowa. Na ji haushin Inna, na ji tausayinta, na tashi na wanke kwanonin da an riga an wanke.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Shagon mai sayar mata da zare, gidan ƙawarta ta makaranta, gidan gwaggo, tasha. Babu wanda ya gan ta. Kowa sai ya tambaye ni lafiya, in ce lafiya lau, sallahu ne zan ba ta.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na zaro fayil ɗin na ajiye a gaban Mai Tabarau. Ta karanta shafin farko, ta cire tabarau, ta sake sakawa. Na faɗa mata komai, har robar.

Ba ta tausaya mini ba, kuma na gode mata. Ta ce da wata ma'aikaciya ce ta ɓoye fayil kwana goma sha takwas, da na cinye ta ɗanye a gaban kowa. Ta ce ƙa'idar nan da na karya ni na rubuta ta, kuma don irin wannan ranar aka rubuta ta, don kada kowa ya yi jinyar nasa. Ta ce da ita ta kira, da Auta ta samu baƙuwar fuskar da za ta yi wa kuka. Sai da ta gama sannan ta jawo ni ta rungume, rigarta duk warin sabulun asibiti.

Fayil ɗin yana hannunta yanzu. Ta tura saƙo zuwa wayar Auta a gabana: daga asibiti ne, layi ɗaya ne yanzu, ba wanda zai san abin da ya kawo ki, ki zo ɗaki na uku, ba sai kin ga yayarki ba. Ta ce kullum za ta tura, ko da wayar a kashe take.

Ba sai kin ga yayarki ba. Daidai ne, amma ya yi mini zafi.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Mai Kitso ta tare ni a bakin ƙofa, ta ce Sista kin rame, wa ya taɓa ki mu je. Ban faɗa mata wace ce ba, na ce wata ce nake nema. Ba ta tambaya ba. Ita ma ta sha sirof ɗin shekaru kafin ta bari, ta san wuraren. Ta kai ni wani kangon gini bayan tasha, da wani ɗaki a bayan shagon wanki.

Mata ne a zazzaune, wasu da goyo. Ba su yi kama da abin da nake faɗa a gida ba. Ɗaya tana tsefe wa 'yarta kai, ɗaya ta matsa mini in zauna a kan bulo. Biyu daga cikinsu katinsu yana wurinmu. Wata ta ce ta ji an ce yanzu ba a ware su, da gaske ne? Na ce ta zo ta gani. Ta ce ta ga mai mayafi ruwan toka, mai tari, kwana uku da suka wuce. Wai ba ta magana da kowa, amma kowace safiya sai ta nemi ruwa mai kyau.

Juma'a, 27 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Inna ta rufe keken da zani saboda ƙura. Na yaye. Ta sake rufewa.

Litinin, 30 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Matar nan ta kangon gini ta zo. Ta zauna a layi da goyonta, aka yi wa yaron rigakafi, ita kuma muka yi maganarta a zama ɗaya. Da a da ne sai ta je wuri uku a rana uku, kuma ba za ta je ko ɗaya ba. Abin da na yi shekara shida ina nema ke nan. Na rubuta a rajista, na shiga banɗaki na yi kuka.

Saƙonnin sun shiga jiya, in ji Mai Tabarau. An kunna wayar, an sake kashewa.

Laraba, 2 ga sabon wata, ƙarfe shida na yamma

Mai Kitso ta ji an ce Auta tana wani gida can ƙarshen gari, bayan masana'antar bulo. Na ɗauki hutun gobe. Kwana biyu ba wuta, wayata saura kaɗan.

Alhamis, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma, a barandar babban asibiti

Ba ta can. Mun yi ta yawo gida-gida har azahar, wayata ta mutu tun hantsi. Na ce bari in biya ta wurin aiki in sa caji.

Mai gadi ne ya fara ganina, ya kawar da kai. Mai Tabarau ta fito ta riƙe hannuna biyu.

Auta ta zo. Ƙarfe takwas ta zo, da ƙafarta, ta ɗauki lamba kamar kowa ta zauna a benci tsakanin masu awo. Da aka kira lambarta zuwa ɗaki na uku sai ta miƙa lambar ga wadda ke bayanta, ta koma ƙarshen layi. Haka ta yi ta yi, sau huɗu. Ƙofata take kallo, ɗaki na biyu, wanda yake a kulle. Mai Tabarau ba ta taɓa ganinta ba sai a hoto, sai wajen sha ɗaya ta gane ta. Ta lallashe ta ta shiga, ta fara cike fom, tana ta kiran wayata. Ba su gama ba numfashinta ya sarƙe, aka garzayo da ita nan babban asibiti.

Ina can ina buga ƙofofin mutane.

Juma'a, 4 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

An sa mata abin numfashi a fuska, ga ƙarin ruwa. Kilo talatin da tara. Likita ya ce huhun duka biyu sun kamu, kuma sirof ɗin ya daɗe yana danne tarin yana ɓoye shi. Ya tambaya wa ya mayar da ita kan magani ba a duba ƙirjin ba. Na ce ni ce. Ya dubi katin aikina da ke wuyana, ya dube ni. Ya ce ba lalle ne shi ya jawo ba, ciwon ya riga ya yi nisa. Na san irin wannan maganar, ni ma ina yi wa dangi.

Na buɗe jakarta ina neman katinta, sai ga robar. Audugar tana ciki, ta yi duhu saboda taɓawa, amma an mayar da ita yadda take. Na zazzage a tafin hannuna. Saura goma sha biyu. Kwana goma sha takwas ta yi a waje, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ruwa mai kyau da take nema kowace safiya ke nan.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Ta farka. Ta daɗe tana kallona, sannan ta janye abin fuskar. Na ce ta mayar, ta ƙi.

“Yaya, ki yi mini faɗa mana.”

Na ce faɗan me, ki huta.

“Shi nake jira tun ranar da kika kawo rigar nan. Da kika yi shiru sai na ce shi ke nan, kin fitar da ni daga ranki.”

To sai na yi mata. Na ce wace irin mace ce za ta tafi ta bar keke a buɗe, zare a warwatse, rigar mutane rabi a ɗinke? Wace irin ƙanwa ce za ta shiga mota biyu shekara uku ga yayarta a gida ɗaya da ita? Na ce in ta warke sai na ja mata kunne har ya yi tsawo, kuma rigata ta lalata mini ita, hannu ɗaya ya fi ɗaya. Ta yi dariya har tarin ya taso, nas ɗin ɗakin ta harare ni. Na mayar mata da abin fuskar da hannuna. Na ce ba abin da za ta yi a duniyar nan da zai fitar da ita daga raina, ta ji ko ba ta ji ba? Ta ɗaga kai.

Ta ce in faɗa wa Inna maganar cutar da kaina. Na faɗa mata a baranda. Inna ta ce, 'yata ce dai ko? Ta shige ciki ta zauna a bakin gadon tana matsa mata ƙafa.

Asabar, 5 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ta sha shayi cokali uku. Ba ta yi magana ba.

Lahadi, 6 ga wata

Ƙarfe goma saura kwata na safe ta cika. Inna na riƙe da hannunta, ni ina gyara mata filo.

Alhamis, 10 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Mutane sun fara raguwa. Kowa na tambaya me ya same ta, Inna na cewa ciwon ƙirji. Mai Kitso ta zo ta wuni tana wanke-wanke, sai da za ta tafi ta ce mini ashe ita ce. Gidan ya yi shiru. Sai yanzu na san da tarin nan nake gane tana ɗaki.

Litinin, 14 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na koma aiki. An ce in ƙara mako, na ce zaman gida zai kashe ni. Layin ya cika har waje, matan kangon nan uku na gani a ciki.

Mai Tabarau ta shigo da fayil ɗin. Ta ce yau za ta rufe shi, ita za ta sa hannu, amma akwai shafin da take ganin ya kamata in gani tukuna. Ta ajiye ta juya baya tana gyara sikeli.

Sabon fom ne, irin namu, da rubutunta, ranar uku ga wata. Rabinsa ba a cike ba.

Wa ya sani a gida? Yayata. Ita ta sa mini auduga.

Kina so a fara duba ki yanzu? A'a. Zan jira ta.

Na karanta sau biyu, na miƙa mata. Na wanke fuskata a famfon kusurwa, na zauna, na ce ta turo mini ta gaba. Wata yarinya ce sabuwa, ba ta fi shekarun Auta ba, ta ƙanƙame jakarta a cinya. Da muka zo tambayar ta ce babu kowa, akwai dai yayarta, amma ba yanzu ba.

Na ajiye biron. Na ce mata ta ba ni labarin yayar tata.